Wutar da ba ashana: Gwajinmu a bakin tafkin Kainji

Ashana ba ta shiri da ruwa, mu kuwa a bakin ruwa muka tashi. Daga Yelwa zuwa Zamare, daga Wara zuwa Libata, har can ƙasar Shanga inda kogin Kwara ke gangarowa kafin ya buɗe ya zama tafkin Kainji, da wuya ka sami gidan da ba a taɓa jin labarin kwalin ashanar da ya jiƙe a cikin jirgi ba. Igiyar ruwa ɗaya ta isa ta mayar da kwali guda tamkar tsinken sakace. Idan haka ta faru da rana a kusa da gari, abin dariya ne. Idan kuwa ta faru da magariba a kan wani gungu, cikin sanyin hunturu, tufafi sun jiƙe, ga kifi yana jiran banda kafin ya lalace, to babu mai dariya. Ruwa yana zuƙe zafin jiki da saurin da ya ninka na iska kusan sau 25, shi ya sa wanda ya kwana da jiƙaƙƙiyar riga babu wuta yake iya wayar gari da ciwo.

Wannan ne ya sa mu 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu muka ɗauko wata tambaya da kakanninmu suka san amsarta tun suna yara: idan abin da ke hannunka tartsatsi ne kawai, babu harshen wuta, a kan me za ka zuba shi ya kama? Mu goma sha ɗaya ne, maza da mata, daga ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, kuma kowa ya zo da amsar gidansu. 'Yan Yelwa suka ce audugar rimi. 'Yan Shanga, masu maƙwabtaka da rugagen Fulani, suka ce busasshen kashin shanu. Wata daga cikinmu, 'yar Wara, ta ce kakanta bai yarda da komai ba sai ƙonannen tsumma. Da gardama ta yi tsawo, malaminmu ya ce, "Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku tafi hutu, ku dawo mini da abin da idonku ya gani."

Kafin zuwan ashana

Tambayar ta girme mu nesa ba kusa ba. A shekarar 1830, lokacin da Richard Lander da ƙanensa John suka iso Birnin Yauri suna neman takardun Mungo Park, Baturen da ya mutu a ruwan Busa a 1806, ashana ba ta wuce shekara uku a kasuwa ba. Wani mai haɗa magunguna, John Walker, shi ya fara sayar da ita a garin Stockton na ƙasar Ingila a 1827. Ke nan baƙin da masu masaukinsu hanya ɗaya suka saba da ita: ƙarfe da dutse da abin kama tartsatsi. A nan ƙyastu da ƙanƙara ake cewa. Wanda wutarsa ta mutu a cikin gari ba ya wahalar da kansa, sai ya aiki yaro maƙwabta da kasko ya ɗebo garwashi. Shi ya sa har yau idan baƙo ya ƙi zama ake tambayarsa ko ɗibar wuta ya zo. Amma masunci a tsakiyar kogi da mafarauci da falke ba su da maƙwabci, dole su riƙe wutarsu a aljihu.

Haka abin yake a sauran sassan duniya. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps, a kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda masana suka ce ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. Suna kiransa Otzi. A cikin 'yar jakar da ke ɗaure a ƙugunsa an sami wani irin naman kaza mai tauri da ke tsira a jikin itace, wanda ake busarwa domin kama tartsatsi. Tun wancan zamani matafiyi ya san cewa abin kama wuta guzuri ne.

A yankinmu wannan sani yana hannun mutanen da suka girma kafin dam. An gina dam ɗin Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai masu yawa na Gungawa, aka tashi mutum kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Wanda yake ɗan shekara 15 a 1968, yau ya haura 70. Su ne ragowar waɗanda suka riƙe ƙyastu don buƙata, kuma kullum raguwa suke yi. Tafkin da ya tashe su yana juya injinan da aka kafa don samar da megawat 760 na lantarki, amma a tungayen masunta har gobe da itace ake dafa tuwo, da shi ake bandar tarwaɗa da giwan ruwa.

Daga ina tartsatsi ke fitowa?

Da maƙera muka fara, a kasuwar Yelwa. Dattijon da muka samu ya saurare mu har muka gama, sannan ya ajiye guduma.

"Baba, ƙyastu muke so a ƙera mana, irin na da."

"'Ya'yana, ku da laita ta cika muku kasuwa? To, ku nemo mini tsohon magagari. Kada ku kawo mini rodi, ba ya ba da wuta."

Washegari muka kai masa magagarin da haƙoransa suka cinye. Ya gasa shi ya yi jawur, ya lanƙwasa shi yadda yatsu za su shiga, ya tsoma shi a ruwa. Duwatsu kuma muka tsinto fararen nan masu ƙyalli da ake gani a gefen hanya da gindin tsauni, muka fasa su don su yi baki mai kaifi.

Mutane da yawa na ɗauka daga dutse wutar ke fitowa, alhali daga ƙarfen take fitowa. Dutsen ya fi ƙarfen tauri, saboda haka idan aka gogi bakinsa da sauri sai ya kankare ɓurɓushin ƙarfe ƙanana ƙwarai. Zafin gugar yana sa ɓurɓushin ya haɗu da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, sai ya ƙone yana cikin tafiya. Abin da muke kira tartsatsi ke nan. Ƙarfen magagari yana da sinadarin kabon da yawa, kuma tsomawar da maƙerin ya yi masa ta ƙara masa tauri. Rodi kuwa laushi gare shi, dutsen sai dai ya karce shi kawai.

Hanya ta biyu da muka gwada tana nan a kan kowane juji: laitar da gas ɗinta ya ƙare. Ɗan dutsen da ke ƙarƙashin ƙafar laita ba dutse ba ne, wani haɗin ƙarfe ne mai suna ferosiriyam, wanda Carl Auer von Welsbach, masanin kimiyya ɗan Ostiriya, ya ƙirƙiro a 1903. Tartsatsinsa yana kaiwa kusan digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas, ya fi na ƙyastu zafi sosai. A Turai da Amurka ana sayar da sandunansa ga masu kwanan daji. Mu namu kyauta muka tsinta, muka cire ɗan ƙarfen da ke kare bakin laitar don tartsatsin ya fito fili.

Yadda muka shirya

A hutun Disamba muka haɗu a kan rairayin bakin ruwa, nesa da bukkoki da damman shinkafa, ga bokitin ruwa biyu, ga malaminmu a tsaye. Kowane abu mun shanya shi kwana biyu, muka ɗebi kamar girman lemun tsami. Kowanne ya sha ƙyasta 20 da ƙyastu, 20 da mataccen laita, kuma mutum uku suka yi masa don kada a ce hannun wane ne ya fi. Tambayoyi huɗu muka rubuta a littafi. Ya kama? Harshe ya ba da ko garwashi? Ya daɗe? Idan ya taɓa ruwa fa?

Rimi da tumfafiya

Disamba ba lokacin audugar rimi ba ne, 'ya'yanta sai wajen bazara suke fashewa, don haka tsohon matashin kai muka farke. Da muka yayyage ta ta yi sako-sako, muka kusanto da laita, ƙyasta ɗaya ko biyu sai fuu! Harshe ya tashi ya lashe ta gaba ɗaya kafin mai riƙe da agogo ya danna. 'Yan Yelwa suka yi tafi. Amma da aka koma kan ƙyastu, tartsatsin sai ya faɗa cikinta ya mutu, ƙyasta 20 babu labari. Sai da muka dunƙule ta muka babbaka gefenta ya yi baƙi, sannan ta yarda ta riƙe ɗan ja.

Dalilin saurinta yana cikin zarenta. Kowane zare kamar bututu yake, cike da iska, ga wani kitse-kitse a bayansa. Wannan kitsen ne ya sa ba ta shan ruwa. Mun jefa dunƙulenta a bokiti, ta kwana tana yawo a sama, da safe muka kaɗe ta muka buɗe cikinta, ta kama kamar jiya. Saboda wannan hali ne ake cusa ta a rigunan ceto na jiragen ruwa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, kafin a koma roba.

Audugar tumfafiya, wadda ke cike a kangaye da gefen hanya, ƙanwar rimi ce a hali, har ta fi ta gaggawa. Ƙiftawar ido ta ƙare, ba ta bar ko toka ta kirki ba. Ga mai son ɗebo ta gargaɗi ɗaya: ya jira 'ya'yan su bushe su fashe da kansu, domin farin ruwan tumfafiya idan ya shiga ido yana iya yi masa mummunar illa.

Auduga da man kaɗe

Audugar gona ba ta kai rimi sauri ba, amma da laita ta kama cikin 'yan ƙyastoci, kuma ta ɗan jima tana ci har aka samu damar ɗora mata tsinkaye. Da ƙyastu ita ma ta ƙi. Inda ta burge mu shi ne da 'yan matan cikinmu suka kawo shawarar a shafa mata man kaɗe a gindi, a bar samanta a bushe a yayyage. Tartsatsi ya kama busasshen saman, harshen ya gangara ya tarar da mai, sai ta zauna tana ci kamar aci-bal-bal fiye da minti uku, iskar hunturu na kaɗa ta ba ta mutu ba. Basilin ma ya yi irin wannan aiki. Rauninta ruwa ne. Auduga tsurarta tana sha ta ƙoshi, kuma idan ta jiƙe sai a haƙura har rana ta fito.

Baƙin tsumman Kaka

Kafin mu gwada tsumma sai da muka je Wara wurin kakan abokiyar karatunmu, tsohon masunci da ya yi kamun kifi tun kogi bai zama tafki ba. Mun same shi yana gyaran raga a inuwa.

"Amarya, yau kuma da 'yan rakiya kika zo mini?"

"Kaka, sun ƙi yarda da maganar tsummanka ne, na ce su zo su gani."

Ya yi dariya, ya aika aka ɗauko masa wata tsohuwar batta. A ciki akwai baƙin ƙyalle mai laushi kamar gawayi. Ya yagi kaɗan, ya ɗora shi a kan dutsenmu dab da kaifin, ya danne da babban yatsa, ya saukar da ƙyastu a kan bakin dutsen. A bugu na biyu sai ga wani ɗan ɗigon ja a jikin ƙyallen, yana faɗaɗa a hankali. Babu harshe, babu ƙara. Ya miƙa mana ya ce, "Wuta a gida ake shirya ta, jikokina. Wanda ya bari sai ya isa gungu sannan ya nemi abin kamawa, da sanyi zai kwana."

Shi yadda yake yi, yakan kunna wa tsumman wuta, idan ya yi baƙi sai ya tura shi cikin batta ya rufe, wutar ta shaƙe. Mu da gwangwanin man goge takalmi muka yi. Muka wanke shi, muka huda murfin da ƙusa huda ɗaya, muka yanka tsohon wandon jins ƙanana-ƙanana muka zuba, muka rufe muka ɗora a kan garwashi. Hayaƙi ya yi ta fita ta hudar. Da ya tsaya, muka sauke, muka toshe hudar da tsinke, muka bar shi ya huce kafin mu buɗe. Idan aka buɗe da zafinsa iska za ta shiga ya cinye.

Abin da ya faru a cikin gwangwanin shi ne abin da ke faruwa a ramin masu gawayi. Zafi ba tare da isasshiyar iska ba yana korar ruwa da sauran abubuwan da ke fita a hayaƙi, ya bar kabon kusan zalla, mai ƙananan ƙofofi da ba su ƙirguwa. Irin wannan ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya kama. A gwajinmu shi kaɗai ne ya kama da ƙyastu a hannun dukkan mutum ukun, kuma da laita ma bai yi gardama ba. Sharaɗinsa shi ne ƙyallen ya zama na auduga zalla. Mun gwada yadin roba, ya narke ya manne a gindin gwangwani yana wari.

Masu riƙe garwashi

Daga nan muka gane cewa gwangwanin zai iya gyara wasu abubuwan ma. Totuwar karan dawa, farin ɓargon nan da yara ke yin motar kara da shi, ɗanyarta ba ta kula tartsatsi ba. Da ta shiga gwangwani ta fito baƙa, ta kama da ƙyastu kusan kamar tsumma. Ruɓaɓɓen itace busasshe, irin wanda ke marmashewa a hannu, shi ma haka, har ya fi tsumma daɗewa da garwashi. Wannan albishir ne ga wanda tsummansa ya ƙare a daji: muddin yana da wutar yau da gwangwani, zai iya shirya ta gobe da abin da ke kewaye da shi.

Busasshen kashin shanu, wanda wasu ke kira kandilo, ya sha ƙyasta 40 bai motsa ba, 'yan Shanga suka yi tsit. Amma da muka ɗora masa jan tsumma muka hura, ya karɓa, kuma ya ƙi saki. Mun ajiye shi gefe muka ci gaba da aiki, muka yi sallar la'asar muka dawo, muka fasa shi, ga ja a ciki. Babu wanda ya kai shi haƙuri a cikin duk abin da muka gwada. Da shi za a iya ɗaukar wuta daga wannan tunga zuwa waccan, kuma hayaƙinsa yana rage damun sauro.

Waɗanda suka ƙi

Takardar littafin rubutu ta ba kowa mamaki. Da ashana ita ce ta farko, da tartsatsi kuwa ko alama, domin fuskarta santsi gare ta, babu inda ɓurɓushin zai maƙale. Ɓuntun shinkafa, wanda ke tsibi-tsibi a bayan kowane injin casa a Yauri, shi ma ya ƙi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, mafi yawanta sinadarin da ke cikin yashi, don haka ko ya kama ba ya ba da harshe, sai ya riƙa ci ta ƙarƙashi irin wutar ƙaiƙayi. Tsohuwar ragar kamun kifi ta zamani roba ce, narkewa take yi.

Busasshiyar ciyawa, da burugu da karan shinkafa da muka murje suka yi laushi, su ma ba su kama tartsatsi kai tsaye ba. Amma ba don su ba da ba mu ga harshen wuta daga ƙyastu ba ko sau ɗaya. Garwashin tsumma bai fi ƙwayar wake ba, ba zai kunna itace ba. Sai an naɗe ciyawar kamar sheƙar tsuntsu, a sa ɗan audugar rimi a tsakiya, a ajiye jan tsumman a kai, a ninke a ɗaga sama, a riƙa hurawa a hankali da dogon numfashi. Hayaƙi zai yi kauri, ya yi fari, sai harshe ya ɓalle. Daga nan a ajiye sheƙar a ƙarƙashin ƙirare sirara, sannan masu kauri, sannan itace.

Ke nan gardamar da muka zo da ita ba ta da gwani ɗaya, domin aiki uku ne muka ɗauka a matsayin ɗaya. Akwai mai kama tartsatsi, nan tsumma ya fi. Akwai mai mayar da garwashi harshe, nan rimi da ciyawa suka fi. Akwai mai riƙe wuta ta daɗe, nan kandilo da auduga mai man kaɗe suka fi. Kowane gida ya riƙe gaskiyar ɓangaren da ya fi buƙata.

Da damina ta zo

Hunturu mai sauƙi ne, komai a bushe yake. Saboda haka muka maimaita gwajin a hutun Agusta, lokacin da iska ke cike da laima kuma farin ruwa ya fara shigowa tafki. Mun raba kowane abu kashi biyu. Kashi ɗaya ya kwana a buɗe a cikin ɗaki, ɗayan ya kwana a gwangwani mai murfi ko gorar roba da aka ɗaure bakinta.

Bambancin ya fi wanda ke tsakanin rimi da takarda. Tsumman da ya kwana a buɗe, wanda ko ɗigon ruwan sama bai taɓa shi ba, ya sha laimar iska har ya riƙa kashe tartsatsi. Ɗan'uwansa na cikin gwangwani ya kama kamar a Disamba. Ciyawar waje duk ta yi sanyi, sai wadda muka zaro daga ƙarƙashin jinkar rumfa ce ta yi aiki. Kandilo kuwa babu shi a fili sam, ruwa ya jiƙa shi. Rimi ce kaɗai ba ta damu da inda ta kwana ba. Laita da muka tsoma a ruwa ta daina tartsatsi, amma da muka kaɗe ta muka hura mata iska muka bar ta ta bushe, ta dawo aiki. Ashanar da ta sha irin wannan wanka ba ta dawo ba.

A nan ne maganar Kaka ta zauna mana daram. Abin da ya ci gwajin shi ne wanda ya riga ya ga wuta tun a gida, aka kuma ɓoye shi daga laima. Sauran duk taimako suke yi masa.

Me ya sa abin ya dame mu?

Wani zai ce wannan wasan yara ne, tunda ashana da laita ba su fi ƙarfin kowa ba. Mu ma ba mu ce a jefar da su ba. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake kunna wuta a yau idan itace ya ƙi kamawa. A gidaje da yawa leda ake cusawa a murhu, uwa da yaron da ke bayanta su shaƙi baƙin hayaƙinta kullum safiya. A bakin ruwa kuma wasu sukan tsiyayo fetur daga jarkar injin jirgi su watsa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya yi nisa ba a ganinsa, kuma idan ya tarar da wuta yana komawa da gudu har wurin jarkar da mai riƙe da ita. Dunƙulen auduga da man kaɗe yana yin aikin da ake nema daga leda da fetur, ba tare da guba ko gobara ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ɗalibi ya kai wannan sani gida.

Abin da ke cikin gwangwaninmu

Yanzu kowannenmu yana da ɗan gwangwani mai murfi da ke shiga aljihu. A ciki akwai baƙin tsumma a naɗe cikin takarda don kada ya marmashe, da dunƙulen audugar rimi, da dunƙule biyu na auduga mai man kaɗe, da mataccen laita. Masu ƙyastu suna ƙara shi da ɗan farin dutse. Mukan zagaye bakin murfin da yankakkiyar robar tayar keke don kada laima ta shiga. Duk kayan ba su ci mana kuɗin kwalin ashana biyu ba, in ban da ladan maƙeri.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai da za su gwada, ku yi shi da babba a kusa, a kan yashi ko tsararriyar ƙasa, da ruwa a gefe. Kada ku buɗe audugar rimi kusa da katifa ko danga ko masussuka, domin saurinta ya fi saurin hannunku. Idan kun gama ku zuba wa wutar ruwa, ku motsa tokar ku sake zubawa, har sai kun iya taɓa ta da hannu. Kun dai ji yadda kandilo ke ɓoye ja a cikinsa. Garwashi ɗaya da aka bari a watan Janairu ya isa ya cinye damman shinkafar da mutum ya yi shekara yana wahala a kansu.

Abin da muka gwada na bakin tafkinmu ne. Mun san a Zuru da Argungu da Haɗeja da Maraɗi akwai itatuwa da ciyayin da ba mu da su, kuma akwai tsofaffin da suka san sunan kowanne da lokacin ɗibarsa. Ku same su tun suna nan, ku tafi da littafi da biro da ɗan goro, ku tambaye su abin da suke sakawa a batta. Ku gwada, ku rubuto wa wannan shafi sakamakonku, mu kwatanta da namu.